Ni na tara masa masu ba da jini, yau an hana ni zuwa addu'ar bakwai

Hajiya Balaraba, don Allah ki taimake ni da shawara kafin ranar Juma'a, domin raina a ɓace yake, kuma na san halina idan na fusata.

Ina da shago a Gyaɗi-Gyaɗi, ina sayar da takalma da fararen riguna na ma'aikatan jinya. Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a, mutum na doso ni nake gane mai saye ne ko mai tayin banza. Rabin cinikina a waya nake yi. Ni ne kuma shugaban guruf ɗin Wasaf na 'yan garinmu mazauna Kano.

Kwanakin baya aminina Ɗan'azumi, mai tuƙa Adaidaita, ya yi hatsari a titin Zariya. Tare muka taso, kwano ɗaya mahaifiyarsa Inna take zuba mana. A asibiti aka ce jininsa irin mai wuyar samu ne. Yayansa Bello ya tsaya yana ta zufa, bai san inda zai nufa ba. Ni na ɗauki waya na sa a guruf, na sa a Fesbuk. Kafin la'asar mutum bakwai sun zo, har da wani ɗalibi daga Unguwa Uku da bai taɓa ganin Ɗan'azumi ba. Ranar nan Bello ya riƙe hannuna yana sa wa wayata albarka. Hajiya, wayar fa, ba ni kaɗai ba.

Kwana biyar Allah ya karɓi abinsa, da safe. Aka ce jana'iza bayan azahar a Tarauni. Na duba lokaci ya ƙure, na sa hotonsa da sanarwa a guruf da Fesbuk don jama'a su samu zuwa. Kuma sun zo, sahu har bakin titi. Ashe Bello ya tura kawunsu ƙauye a mota, ya je ya zauna da Inna ya lallaɓa ta, don tana da hawan jini kuma an ce mata yana samun sauƙi. Wa ya gaya mini? Kawu yana hanya matar maƙwabcin Inna ta gani a wayar mijinta, ta faɗa gidan da salati. Inna tana ƙulla garin kuka da daddawar da za ta aiko masa. Ta faɗi. Kwana uku ba ta tashi ba.

Yanzu ni ne mugu. Na miƙa wa Bello hannu a wurin zaman makoki, ya kawar da kai. Jiya ya aiko cewa kada in taka garin ranar Juma'a, ranar addu'ar bakwai. Masu zagina a guruf, wallahi da idona na ga wasunsu sun ɗauki hoton nan sun sa a nasu shafin, ko minti biyar ba a yi ba. Ita matar da ta shiga da kururuwa ba wanda ya ce mata kanzil. Da ana neman jini waya alheri ce, yau ta zama shaiɗan?

Na tara hotunan duk saƙonnin, da lokacin da kowa ya tura nasa. Niyyata in zuba su a guruf kowa ya ga kansa. Ko kuma in je garin ranar Juma'a, in ga wanda zai kore ni daga gidan da na ci tuwo shekara ashirin. Wanne ya fi?

Naki, Aminin Marigayi, Gyaɗi-Gyaɗi

Aminin Marigayi, Allah ya jiƙan Ɗan'azumi, ya ba Inna lafiya, kai ma ya ba ka haƙuri, don na lura a duk rigimar nan ba wanda ya yi maka ta'aziyya, alhali kai ma ka yi rashi.

Cikin biyun da ka lissafa babu na ɗauka.

Kana da gaskiya a wurare da dama. Neman jinin nan alheri ne, kuma ladarsa na nan. Sanarwar jana'iza ma ba da mugun nufi ka yi ba, Bello kuma ya yi sakaci da bai faɗa maka shirinsa ba. Amma kai da ka ce kana gane mutum tun daga nesa, ka san Inna, ka san ciwonta, ka san a guruf ɗinka akwai masu mata da 'yan'uwa a ƙauyen. Saurin da ya kawo mutum bakwai kafin la'asar, shi ne ya riga Kawu isa. Kira ɗaya ya isa, ka tambayi Bello ko Inna ta ji. Ba a banza iyayenmu suke tura dattijo da ƙafarsa ba. Labarin mutuwa na iyalin mamaci ne har sai sun sake shi.

Hotunan saƙonnin da ka tara, goge su. Ko kowa a guruf ya yarda an zalunce ka, hakan ba zai tayar da Inna daga shimfiɗa ba. Ka sauke hoton marigayin daga shafinka. Ka kuma kafa doka a guruf, kada a sa rasuwar kowa sai da izinin iyalinsa. Kada ka haɗa da wani dogon bayani.

Ranar Juma'a ka bar wa Bello maganarsa, mutum ne da ya binne ƙane kuma yake jinyar uwa. Ka yi sadakarka a Kano. Bayan kwana biyu, jama'a sun watse, ka nemi Kawun nan ya yi maka jagora. Ka kashe wayar tun daga zaure. Ka durƙusa, ka ce ka yi kuskure, ta yafe maka. Kada ka kawo zancen jini, kada ka ambaci matar maƙwabci. In ta juya maka baya, ka koma wani makon.

Inna ba ta cikin guruf ɗinka, ɗana. Ita kaɗai ce kake bukatar ta ji ka, kuma sai ka je da ƙafarka. Allah ya sanyaya zukatanku, ya sa ta sake zuba maka tuwo a kwanon nan.

Hajiya Balaraba