Takardar da Ta Hana Mai Jego Kunu

Habu Wada,
Unguwar Maƙera, Doguwa.
Litinin, 19 ga Satumba, 1994.

Zuwa ga
Mai Girma Shugaban Sashen Lafiya,
Ƙaramar Hukumar Tudun Wada,
Jihar Kano.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN WANI MAI GWAJIN JINI DA AKE KIRA DOKTA SURAJO, DA TAKARDAR DA YA BA MATATA HAJARA BUBA

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan Allah Ya ƙara maka lafiya da basira a kan aikin da aka ɗora maka, amin. Ni ne mai suna a sama, malamin aji biyar a wata firamare ta nan Doguwa. Ina neman izininka in gabatar da kukana a kan wani mutum mai suna Surajo, wanda ke yawo kasuwa-kasuwa a kan babur da farar riga da akwatin katako, yana ɗibar jinin jama'a da sunan zai gano musu abincin da jininsu ba ya so. Allon da yake kafawa an rubuta masa "Ɗakin Gwajin Jini na Tauraron Kudu". Na yi wa kaina alkawari zan rubuta wannan takarda a tsanake kamar yadda ake rubuta wa hukuma. In ka ga alƙalamina ya kauce a wani wuri, ina roƙon afuwa, matata ce da jaririnta a ciki.

1. Asalin lamarin. Ranar Lahadi, 14 ga Agusta, matata Hajara ta haihu a rugar mahaifinta Malam Buba, kusa da Falgore, inda ta je goyon ciki tun da haihuwar fari ce. Ranar suna, 21 ga Agusta, wasu baƙi daga birni suka zo da awara, wannan sabon abincin da ake yi da waken suya. Hajara ba ta taɓa cin sa ba. Ta ci guda uku. Kafin la'asar leɓunanta sun kumbura, borin jini ya feso mata a wuya da hannaye, har numfashi ya so ya yi mata wuya. Da safe abin ya faɗa. Wannan ya faru da gaske, Yallaɓai, ba na musun sa. Na karanta a littattafan kiwon lafiya cewa akwai mutanen da jikinsu ke ƙin wani abinci har ya kai su ga halaka, don haka ban ɗauki abin da wasa ba.

2. Yadda aka ɗebi jinin. Ranar Alhamis, 25 ga Agusta, ba tare da sanina ba, wani ya kai wa Surajo labari a kasuwa, shi kuma ya hau babur ya bi su Hajara har ruga. Ƙanwata Rabi tana wurin, ita ta shaida mini abin da ta gani. Allurar da ya yi aiki da ita daga cikin gwangwanin madara ya ciro ta, a cikinsa ya mayar. Jinin kuma a kwalbar allura da aka riga aka yi amfani da ita ya zuba, ya toshe da auduga, ya jefa cikin akwati tare da wasu kwalabe fiye da ashirin, ya ɗaure a bayan babur a tsakiyar rana. Babu ƙanƙara, babu ko jiƙaƙƙen tsumma. Bai tambayi Hajara abin da ta ci ba. Rabi ce ta yi ƙarfin hali ta ambaci awara, ya ce mata ita ba likita ba ce, jini ne zai yi magana.

3. Takardar da ya kawo. Ranar Alhamis, 1 ga Satumba, ya dawo da takarda mai hatimin shuɗin tawada, ya ce daga Kano aka aiko. Takardar ta hana Hajara gero, dawa, farin wake, gyaɗa, riɗi, kuka, kuɓewa, zogale da daddawa. Ta bar mata nama, nono, ƙwai da wani farin gari na gwangwani wanda shi kaɗai ke sayar da shi. Ya kuma gargaɗe su cewa in ta sake cin ɗaya daga cikin waɗannan, maƙogwaronta zai toshe kafin a kai ta bakin titi. Ranka ya daɗe, ka dubi jerin nan ka gaya mini me ya rage wa mutumin ƙasar nan. Babu tuwo, babu fura, babu miya. Mafi muni, babu kunun kanwa, wanda da shi kowace mai jego ke samun ruwan nono tun zamanin kakanni. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, waken suya, wanda shi ne abin da ta ci ta kumbura, ko sunansa babu a takardar. Gero kuwa tun tana rarrafe take shan sa.

4. Halin da suke ciki yanzu. Yau kwana goma sha takwas da zuwan takardar, Hajara tana wankan jego safe da yamma, cikinta babu komai sai nono da ƙwai in kaza ta yi. Nama a ruga, kamar yadda ka sani, ba abin kullum ba ne, ba a yanka saniya don miya. Garin gwangwanin kuwa amai yake sa ta. Ruwan nononta ya ja baya. Mahaifiyarta, Inna, ta koma ba yaron madarar shanu da aka sirka da ruwa, shi kuma tun Talatar da ta wuce yake gudawa. Rabi ta ce maɗigarsa ta fara lotsawa, kukansa ma sai ka matso kusa kake jin sa. Ni sau ɗaya na ga Hajara, daga nesa, ina tsaye a gindin ɗorawa bayan garke. Ta fito shanya zane, ta ɗaga hannu, sai na ga awarwaron da na saya mata a Tiga, wanda da sabulu muka sa shi saboda matsi, ya zame ya wuce gwiwar hannunta. Yarinyar da na fara gani tana ɗauke da ƙwaryar nono daga Falgore har ƙofar makarantarmu ba ta ko haki, tana yi wa ɗalibaina ba'a da Fulatanci, ita ce yau take dafa bango. Na karanta littattafai da yawa da masoya ke ramewa saboda bege, ban taɓa karanta inda takarda ta rame mutum ba. A gafarce ni, na koma kan batu.

5. Dalilin da na kasa gyara abin da kaina. Mai Girma zai iya tambaya me ya hana ni zuwa in ce ta ci. Dalili biyu ne. Na farko, kumburin nan gaskiya ne, in na yi kuskure ni na kashe ta. Na biyu, Malam Buba surukina ne, kuma Bafulatani mai kunya da kawaici. Ba na zama inda yake zaune, balle in yi masa gardama a kan 'yarsa, balle kuma a ji ni ina rawar jiki a kan ɗan fari. Na aika masa kawuna da magana. Ya karɓe shi hannu biyu, ya sa aka dama masa fura, sannan ya buɗe jakarsa ta fata ya nuna masa takardar, a ninke tare da takardun allurar shanunsa. A wurinsa duk takarda mai hatimi ta hukuma ce. Ya ce shekara talatin yana bin abin da takardar allura ta ce, shanunsa ba su ƙare ba, ba zai fara saɓa wa hatimi a kan 'yar cikinsa ba. Ban ga laifinsa ba. Son ta yake yi, da son nan ne kuma aka kama shi.

6. Abin da na yi don in tabbatar da zargina. Ranar 8 ga Satumba na je kasuwar Doguwa na miƙa wa Surajo hannun dama, na ba da sunana na gaskiya. Ranar 10 ga Satumba na bi shi kasuwar Tudun Wada, na sauya hula, na miƙa hannun hagu, na ce sunana Balarabe Isa. Na tafi da tawa sabuwar allura duka biyun, na ce masa ina da tsoro. Bai gane ni ba, domin ba ya duban fuskar kowa. Sakamako ya fito ranar 15 da ranar 17. Takardar Habu ta hana ni gyaɗa da wake, ta ce dawa lafiya lau. Takardar Balarabe ta hana ni dawa da kuka, ta ce in ci gyaɗa yadda na ga dama. Jini ɗaya ne, Yallaɓai, jikin mutum ɗaya, kwana biyu tsakani. Kuma ni ɗan manomin gyaɗa ne, da ƙuli-ƙuli a aljihu na yi firamare. Duka takardun biyu suna liƙe da wannan wasiƙa, tare da kwafin ta Hajara wanda Rabi ta kwafo da hannu a ɓoye.

7. Sauran abubuwan da ban yarda da su ba. Hatimin babu adireshi, babu lambar rajista, sa hannun kuma zane ne kawai kamar tafiyar tsutsa. Ubale, direban motar haya da ke bin hanyar Kano, ya shaida mini cewa bai taɓa ganin babur ɗin Surajo ya wuce Kwanar Dangora ba, kuma ya taɓa tarar da shi a bakin wani kwalbati yana ɗauraye kwalabe. Ban gani da idona ba, don haka ba zan rantse ba, amma Ubale ya ce a shirye yake ya maimaita a gabanka. In jinin ba ya zuwa Kano, wa ke rubuta sakamakon, kuma a ina? Na kuma ji cewa a Kiru da Bebeji akwai tsofaffi da yara da suka bar tuwo saboda irin wannan takarda. Ban san yawansu ba.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon Mai Girma abubuwa kamar haka:

(a) A aika ma'aikaciyar jinya ko unguwarzoma ta hukuma zuwa rugar Malam Buba cikin wannan makon, gobe in da hali, ta duba uwa da ɗa. Hanyar ta ɓaci da ruwa daga bakin titi, amma keke yana iya shiga, ni zan yi jagora in tsaya a bayan garke.

(b) A kai Hajara wurin likita na gaskiya, a bincika abin da ya kumbura ta, ko awarar ce ko wani abu dabam, don a hana ta abin da ya kamata a hana ta, a sakar mata sauran.

(c) A kira Surajo ya nuna shaidar karatunsa da izinin aikinsa da inda ɗakin gwajin nasa yake. In yana da su, zan ba shi haƙuri a tsakiyar kasuwa. In ba shi da su, a karɓe akwatin kafin ranar Alhamis, domin a nan Doguwa zai sake kafa allonsa.

(d) Wannan shi ne mafi girma a wurina. Duk wanda za a aika, don Allah kada ya je da baki kawai. Ya tafi da takarda mai hatimin ofishinka, a karanta wa Malam Buba a gabansa, a bar masa ita ya ajiye. Maganata ba za ta ɗaga waccan takardar ba, haka maganar kawuna, haka kukan Inna. Sai wadda ta fi ta ƙarfi.

Jiya Rabi ta dawo daga ruga. Ta ce Inna ta surfa gero ta niƙa, ta jiƙa kanwa, ta rufe su da faifai a ƙarƙashin gado inda Malam ba zai gani ba. Ba ta dama ba, tsoro take ji. Kunun ba ya wuce rabin sa'a a kan wuta. Izini kawai take jira.

Allah Ya ja zamaninka, Ya sa ka gama da aikinka lafiya.

Naka mai biyayya da jiran amsa,

Habu Wada
Malamin firamare, Doguwa.