Wa Kika Sani?

Daren Laraba, Zuru

Barci ya ƙi zuwa. Da la'asar Ladi ta zo daga Rikoto, yarinyar da na koya wa zane tun ba ta iya feƙe fensir ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, bakinta har kunne, wai ta samu tallafin horar da malaman zane na firamare.

Ko barka ban yi mata ba. A gaban matata na ce, "Wa kika sani a Birnin Kebbi? Ni na nema har na yi ritaya, ko amsa ban gani ba."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Kai kaɗai na sani, Baba. Yadda kake haɗa mana launi da jar ƙasa da gawayi, shi na nuna musu. Na zo roƙo ne ka koya wa malaman ran Asabar."

Ta tafi ba ta taɓa ruwan da aka kawo mata ba.

Yaushe bakina ya lalace haka? Ɗazu na jiƙa jar ƙasa a tsohon kwano. Haɗa launi ba wuya. Da wane ido zan dube ta, shi ne ban sani ba.