Inna, a Gaban Surukinki Suka Tambaye Ki

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiya, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke har yau zuciyata ba ta huce ba.

Ranar da aka kai ki asibiti a Gumel ina ɗakin jego, shi ya sa mijina Malam Sani ya ɗauko ki daga Gagarawa a motarsa ta haya. Sai bayan rasuwarki ya ba ni labari, kansa a sunkuye.

Wai kafin ganin likita wani saurayi ya zo da waya, yana karanto miki tambayoyi a bainar jama'a. Sai an taimaka miki kike zuwa banɗaki? Fitsari yana kuɓuce miki? Kina ganin jini? Duk wannan surukinki na tsaye a kanki, riƙe da katinki!

Inna, ke da ko ruwa ba ki taɓa sha a gabansa ba, me suke so ki ce? Kika yi ta cewa a'a. Da saurayin ya zo kan ko kina jin daɗin rayuwa, sosai ko kaɗan ko babu, kika ce Alhamdulillahi. Ya danna sosai.

Ni kuwa kafin in haihu na wanke zannuwanki, na san abin da na gani.

Waya ta yi lissafinta, ta jefa ki cikin masu sauƙi. Aka ba ki maganin ciwon jiki, wai ki dawo bayan kaka. Ko gero ba a yanke ba kika tafi.

Wallahi abin nan yana ci mini rai. Wanda ya tsara tambayoyin nan, shi ba shi da uwa ne? Asibiti guda, a rasa mace ɗaya da labule ɗaya?

Yanzu ƙanwarki Iya Hassi ta garin Sule Tankarkar ta fara wanki a ɓoye, kamar yadda kika fara. Jibi zan kai ta asibiti, Malam kuma a tasha zai jira mu. Sai an kira mana mace, ko da za mu wuni. In Iya ta ce Alhamdulillahi, zan bari ta gama godiyarta, sannan in faɗi sauran da bakina. Na san za ta ce ba ni da kunya. Na yarda, Inna. Kunya ta riga ta raba ni da uwa ɗaya.

Allah ya haskaka kabarinki, ya sa ciwon da kika ɓoye ya zame miki kaffara.

'Yarki,
Hajara