Kada a Saka Mina a Kamyon Alhamis

Zuwa ga Mai Girma Kumandan na Agadas.
Daga Hawa walet Sidi, mai lambu a Cirozerin, ta hannun Ahmudu, marubucin kasuwa.
Litinin, 17 ga Nuwamba 1958.

Game da: Almustafa, direban sansanin masu binciken duwatsu, da abin da ya aikata wa yarinya 'yar shekara tara.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, matar nan ba ta taɓa tsayawa gaban hukuma ba. A kan jaki ta iso, tana faɗa tana waige-waige. Ga kukanta.

1. Mijinta Akoli ya bi ayarin gishiri zuwa Bilma tun Oktoba, tare da mazan kwarin. Da tafiyarsu direban ya fara zuwa sayen albasar sansani, kuma lambun da babu namiji yake zaɓa. Ya kawo sukari da shayi, yana kiran Hawa yaya, har ta saki jiki tana barinsa da 'yarta Mina a bakin rijiya, inda yarinyar ke kora takarkarin da ke jan guga.

2. Mina, wadda surutunta ba ya barin kowa sakat, ta yi shiru. Ta daina ci, ta koma fitsarin kwance, tana wanke jikinta a magudana ba gaira ba dalili. Da ta ji ƙarar kamyo, wato babbar motar direban, sai ta shige cikin masara. Uwar ta ɗauka iskokin daji ne, aka sha rubutu, aka yi turare. Wanda ya jawo ciwon kuwa yana kan tabarmarta yana yi mata sannu.

3. Ranar 14 ga wata Mina ta faɗa wa kakarta cewa mutumin ya keta mata haddi, ba sau ɗaya ba. Ya gaya mata laifin nata ne, kuma in ta buɗe baki Nasara za su ƙwace rijiyar ubanta. Har yanzu yarinyar gafara take nema, abin da ya fi ƙona ran uwar ke nan.

4. A lambun maƙwabta akwai wata yarinya mai irin waɗannan alamu, kunya ta rufe bakin iyayenta. Ana kuma cewa irin wannan magana ce ta sa aka ɗauko direban daga wani sansani. In haka ne, sabbin yara kawai aka ba shi.

5. Kafin Hawa ta san gaskiya, ita da bakinta ta roƙi malamin asibitin sansani, ya ba da umarnin a kai Mina wurin likita a Agadas ranar Alhamis, 20 ga wata. Mota ɗaya ce, ta Almustafa, kuma an ce babu gurbin uwa. Ta je ta warware maganar wurin shugaban sansani, sai ta tarar direban ne tafinta. Ta yi godiya ta fito. Tana tsoron ɓoye yarinyar a ce ta saɓa wa hukuma, tana tsoron ba da ita fiye da haka.

Don haka tana roƙon Mai Girma, don Allah, ya soke tafiyar, ya aiko jandarma da tafinta na dabam su yi bincike, kada kuma a sake canja wa mutumin wuri kawai. Kamyon zai tashi Alhamis da hantsi, Mina kuma ta riga ta ji cewa da ita za a tafi.

Da ladabi da biyayya, Allah ya ja zamaninka.

Dangwalen yatsan Hawa walet Sidi.
Ahmudu, marubuci.