Kada Ki Faɗa wa Baba Haƙoran Nawa Ne

Yaya Bronwyn,

Gaisuwa mai yawa daga Pilbara. Ya yara, ya sanyin Derby? Ya ƙirjin Baba?

Ni lafiya lau nake. Gwiwar ce dai ta ƙi lanƙwasuwa tun faɗuwar da na yi a mahaƙar ma'adinai, amma sun mai da ni ofis, ina zaune a inuwa. Kada ki damu.

Kin ce ran cikar Mama shekara da rasuwa Baba zai hau kekensa har kan dutsen da muka watsa tokarta, kuma a gwajin da ya yi, a rabin hanya ya tsaya yana haki. Na kira shi na ce a sa wa keken ƙaramin farantin gaba, mai haƙoran da ke jan sarƙa, don hawan ya yi masa sauƙi. Ya ce, "Kai Lachlan, haƙori talatin da huɗu nake takawa tun kana rarrafe. Ƙaramin faranti na ragwaye ne irinka."

Na aiko faranti mai haƙori ashirin da takwas, da sabuwar sarƙa da haƙoran tayar baya. A canza su gaba ɗaya, don sabuwar sarƙa ba ta zama a kan tsofaffin haƙora, tsalle take yi.

Na so a ce ina bayansa ranar. Bana dai ba zan iya taka feda ba.

Ki kai wa mai gyara keken da kayan ba da saninsa ba. Idonsa ya yi rauni, ba zai ƙirga ba. Bar shi ya isa wajenta, ya ce mata ƙarfinsa ne ya kawo shi.

Allah ya bar mana shi.

Ƙaninki,
Lachlan