Mani Biyu Aka Kai Boma

Kankara, watan Sha'aban, 1976

Zuwa ga Zulaihatu, sanyin idona, inuwar ɗorawata a tsakar rana, ruwan farko a kan gonar da ta gaji da jira. Zulai! Mutane na ce miki Hajiya yanzu, kuma kin cancanta, amma bakina bai koyi wani suna ba bayan wannan.

Ina yi miki ta'aziyyar maigidanki Malam Sanusi, Allah ya jiƙansa. Mutumin kirki ne, shekara talatin da ɗaya ya riƙe ki ba a ji kanku ba. Na jira kika fita takaba, na ƙara mako biyu don kunya, sannan na ɗauki alƙalami. Na san ba kya karatun boko, ɗiyarki Barakatu ce za ta karanta miki. Malama Barakatu, ki yi haƙuri da tsoho, kada ki tsallake layi ko ɗaya ko da kin ji nauyi. Ni ne Mani mai faci na tashar Kankara, wanda ake ce wa Boma. Ni ne mijin mahaifiyarki na fari.

Zulai, kin tuna ranar da kika kawo mini fura gona a bayan Mairuwa, hadari ya taso daga gabas? Muka ruga gindin tsamiya, ni kuma don wauta na cire malfata na rufe ƙwaryar furar, na bar amaryata a ruwa. Kika yi ta dariya har kina riƙe ciki, ruwa na bin kitsonki. Wata bakwai ne kacal aurenmu, ya ke tauraruwar asubata, sai dagaci ya nuna ni da sanda, aka ce Turawa na son mutane a soja. Wannan dariyar ce abu na ƙarshe da na ji har cikin ƙashina.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ba zan ce zuciyata na tsalle ba. Ta daɗe da daina tsalle. Kin san yadda ƙafa ke yi in an daɗe a zaune a kanta, a tsunkule ta ba ta ji? Haka na dawo daga yaƙin Boma, haka kuma nake har yau. Na yi aure sau biyu bayanki, duka suka tafi, ɗaya ta ce zama da ni da zama da garu duk ɗaya. Ban ga laifinta ba.

Daga Ikko aka zuba mu a jirgin ruwa, mako shida muna amai, sai Indiya, sai daji. Daji ne da rana ba ta taɓa ƙasarsa, ruwa ba ya ɗaukewa, tsutsa na shan jininka ba ka sani ba. Muka bi kogin Kaladan muna neman sojan Japan, su ma suna nemanmu. Babu hanyar mota, don haka abincinmu daga sama yake zuwa. Jirage ke jefo shi da lema, wasunsu na Amurka, buhun shinkafa na saukowa a hankali yana lilo. Akwai ranar da lemar ba ta buɗe ba, buhun ya faɗo a kan wani mutumin Sabuwa yana ɗaga hannu yana murna. Muka binne shi, muka dafa shinkafar. A ranar na fara lura ban ji komai ba.

To, ga inda aka yi mana ɓarnar. A soja ba a tambayar sunan ubanka, sunan ƙasarka ake liƙa maka. Ni Mani Faskari, tunda Mairuwa a ƙasar Faskari take. Akwai kuma wani Mani daga Ruwan Godiya, ita ma ƙasar Faskari, dogo mai wushirya, shi ma Mani Faskari aka rubuta shi. Mu biyu a kamfani ɗaya, in an kira suna sai mu amsa tare, a yi dariya. Da Japan suka far mana a bakin kogi, shi harsashi ya samu a wuya, ni na ja shi har gindin gora, can ya cika. Akawu ya buɗe littafi, ya ga Mani Faskari, ya ja layi a kan na farkon da idonsa ya faɗa. Takarda ta kama hanyar Mairuwa maimakon Ruwan Godiya. Ke kina zaman takabata wata huɗu da kwana goma, ni ina can ina cire tsutsa a ƙafa. Matarsa kuwa tana ta yi masa tanadin gero.

Muka ci garin Miyohon, aka ce babbar nasara ce, aka buga ƙaho. Aka ce Jamus ta faɗi. Aka ce manyan ƙasashe sun zauna a tebur sun raba duniya kamar naman watanda. Daga baya hafsanmu ya tara mu, ya ce Amurka ta jefa wa Japan wani bam, guda ɗaya ya share gari sukutum, sannan ta ƙara wani. Ya ce manyan Japan sun hau jirgin ruwan Amurka sun sa hannu a takarda, yaƙi ya ƙare. Mutane na jefa hula sama, wasu na sujada. Ni ina zaune a kan akwatin harsashi ina ɗinke takalmina, na ci gaba da ɗinki. Abu ɗaya na riƙe a kaina, ba a zuciya ba, domin ita ta riga ta mutu: akwai Zulai a gida.

Na iso Mairuwa da akwatin ƙarfe da turmin atamfa biyu da na saya miki a Indiya. Mata suka watse da gudu suna salati, sun ga fatalwa. Iyata ta shafa fuskata ta ce, "Kai ne, ɗan nan? Ai mun yi maka sadakar arba'in." Aka ce mini kina gidan Sanusi. Na ce to. Aka kawo tuwo, na cinye.

Sauran kin sani, kina wurin, amma rabinsa kika sani. Aka kai mu gaban alƙali, kina durƙushe a gefe cikin lulluɓi, shi Sanusi kansa a ƙasa. Alƙali ya ce, "Mani, shari'a ta ba ka matarka, tunda ba ka mutu ba. Amma ka sani tana da ciki wata shidda, na wanga bawan Allah ne. Mi ka ce?"

Na ce, "Ba komai."

Wallahi, Zulai, tallahi, abin da nake nufi shi ne cikin ba komai ba ne. Ta haihu, ta dawo ɗakinta, in yi goyo in an ba ni. Amma a garinmu in aka tambayi wanda aka cuta ya ce ba komai, kowa ya san ya yafe ne, ya bar wa Allah. Dattawa suka hau sa mini albarka. Alƙali ya ce, "Madalla, ya haƙura. To, faɗi sakin da bakinka." Shekara huɗu ana koya mini ba a gyara wa babba magana, in an ba da oda a bi. Bakina ya buɗe ya faɗa, ni ina gefe ina kallonsa. Na ga kin ɗago kin dube ni sau ɗaya, sannan kika ja mayafi. Ashe kin riga kin ɗaure kayanki tun da safe don ki dawo ɗakina, ƙanwarki Safara'u ce ta gaya mini bayan shekara goma. Me ya hana ni in yi ihu? Me ya hana ni in ce ku tsaya, ba haka ba ne? Ba alƙali ya cuce ki ba, ba akawun soja ba. Ni ne.

Malama Barakatu, ke ce cikin. Ban taɓa jin haushinki ba ko na rana ɗaya. Ci gaba da karatu.

Yanzu kuɗin fetur sun shigo ƙasa, kowane malamin makaranta ya sayi babur. Ran kasuwa sai su yi layi a rumfata, ina yi musu faci. In na duba jikin injin sai in ga sunan Japan. Rediyon da ke rataye a kaina ma nasu ne, a cikinsa nake jin su da Amurka sun zama aminai, suna ciniki, suna kai wa juna ziyara. Mutanen da aka ƙone musu birane biyu! Su sun zauna sun shirya, ni da ke kuwa, da ba mu zubar da jinin kowa ba, shekara talatin in kin hango ni a kasuwar Faskari sai ki canza layi. Ashe sulhu sai manya? Ashe kalma biyu ta fi bam wuyar gyara?

Ya ke zumar farar ƙaya, ya ke sanyin randa, ba ni da abin burgewa. Haƙorana shida sun zube, ɗakina ɗaya ne da rumfa, gonata ba ta wuce dami arba'in ba. Ban yi miki alkawarin hira mai daɗi ba, don ni ba ni da ita. Abin da na sani shi ne, ranar da aka ce kin fita takaba ina tsakiyar faci, sai na ga hannuna na rawa har gam ya zube. Na zauna ina kallonsa. Bai yi rawa a Kaladan ba, bai yi a gaban alƙali ba.

Ina son ki, Zulai. Ina so a mayar da aurenmu bayan salla. In kin yarda, zan tura dattawa wurin yayanki Alhaji Maharazu, a yi komai a fili yadda ya kamata. In ba ki yarda ba, ba zan sake damunki ba, kuma ba zan daina son ki ba.

Roƙo ɗaya nake yi. Ki aiko da amsa ta hannun Malama. Ki ce i, ko ki ce a'a, ko ki zage ni tas, na cancanta, zan ma so in ji ko zagin zai shiga. Amma don girman Allah kada ki ce mata ta rubuta ba komai. Ba zan san wanne kike nufi ba, kuma ba ni da wata shekara talatin.

Naki tun kuruciya, naki har a kai ni makwanci,

Mani