Layi Ukun da Suka Riga Mu Isa Azarori

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Abdu mai takarda, na Allakaye.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, da roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama, daga Abijan nake rubuto maka. Na san ba za ka karanta ba. 'Yan ƙasarmu ta Adar da ke nan da na gida su za su karanta, kuma ina so su karanta.

Baba, na yi abin da ka hana.

Ka tuna takardar da kake fitarwa duk wata, lokacin da kake koya wa manya karatu? Ka rubuta da hannu, ka hau kamiyo, motar kaya, zuwa Buza a juya maka a inji, ka dawo yatsunka baƙi ƙirin da tawada. Ma'aikatan buro, ofishin gwamnati, suna ce mata bilten. Malaman lakwal, makarantar boko, suna cewa jarida. Wani da ya taɓa zama Kano ya ce a kira ta mujalla, sai ka yi dariya ka ce, "Jarida ta masu gaggawa ta, mujalla ta masu hoto. Wagga tamu takardar gari ta." Farashin albasa, ranar allurar shanu, yadda mutanen Keita suke jera duwatsu su tsare ruwa a gona. Abin da ke ciki ke nan.

Sai labarin mutuwa. Na ga ka riƙe rasuwar wani har wata ya wuce, don ba a samu uwarsa da ta bi ƙanensa arewa da shanu ba. Aka dame ka, ka ce, "Ba ni sa mamaci ga takarda sai an zamna gaban uwatai an hwaɗa mata." A lokacin na ɗauka tsufa ne kawai.

A nan ƙungiyar 'yan gida ta ɗora mini takardar wata, wai ɗan Malam ne. Yanzu babu inji, babu kamiyo. In na taɓa waya da yatsa ɗaya, kafin in ajiye ta an karanta a Tawa.

Hamisu, ɗan Inna Tsahara ta Azarori, mai turin kura ne a kasuwa. Zazzaɓi ya kama shi, kwana huɗu a likita, ya cika. Takardar wata tana shirye. Na tambayi shugaban ƙungiya ko gida sun ji, ya ce an buga wa kawunsa Garba waya. Ban ƙara tambaya ba. Na rubuta layi uku, na aika.

Ashe Garba yana kasuwar dabbobi a Keita. Shi ya yi daidai: ya kame bakinsa, da niyyar ya koma washegari, ya ɗauki dattawa biyu, a sa matan dangi su fara shiga wurin Inna Tsahara.

Ita kuwa ta kai tabarmi Madawa. Tana tasha tana jiran mota ta cika, direba yana karanta wa fasinja takardarmu daga wayarsa, da ƙarfi, kamar yadda ake karanta taka a ƙarƙashin itacen bedi. An raɗa wa ɗiyar wane suna. Wane ya sauka lafiya. Sai sunan ɗanta. An ce ba ta yi kuka ba. Ta ce masa ya sake karantawa. Ya sake, don bai san ko ita wace ce ba.

Ban ga laifin direba ba, Baba. Abin da aka rubuta don a karanta shi ya karanta.

Shugaba yana so in sa a takarda mai zuwa cewa masu tura saƙo ba tunani su suka jawo. A zaman da aka yi, maganar Inna Tsahara ba ta ci minti biyar ba, sauran lokacin duk a kan yadda za a mai da takardar mujalla mai launi, da hoton shugabanni a gaba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma ba zan zalunce shi ba: shi ya bar rumfarsa ya yi jinyar Hamisu, shi ya yi ta yawon takardun jana'iza. Gajiya ce ta sa ya ba ni amsa a taƙaice. Ni kuma na karɓa a taƙaice, don ina so takardata ta fita kan lokaci. Yatsan nawa ne.

Jiya Hadiza, ɗiyar Inna Tsahara, ta turo mini muryar tsohuwar. Na shirya jin zagi, da ma shi ta yi da na samu sauƙi. Cewa ta yi, "Ɗan Malam Abdu na? To shi taho." Tana so ta san wa ke kusa da Hamisu a lokacin, ko an ba shi ruwa, ko ya samu yin kalma, wa ya yi masa wanka.

Baba, ni ne a wurin. Kansa a cinyata yake. Ya nemi fura, babu, na jiƙa masa leɓe da ruwa. Ya yi kalma sau biyu. Duk wannan ina da shi, amma layi uku na aika mata.

Maigidan da nake wa gadi ya ce in na tafi kar in dawo, akwai masu jiran kujerar. Ka san da kujerar nan jikokinka suke ci. Na faɗa wa uwarsu, ta ce in tafi. Juma'a zan shiga mota. Ba Allakaye zan fara sauka ba. Ban san ko za ta yafe mini ba, kuma ba zan roƙa ba sai ta gama tambayoyinta.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka makwancinka. Ya jiƙan Hamisu, Ya ba uwarsa haƙuri. Ni kuma Ya ba ni bakin da zan yi sallama a ƙofarta.

Ɗanka,
Sule